Zanen Kumfa: Wasan Ɓata Jiki Mai Tsohon Asali

Tire guda, kumfar aski ta gwangwani, kalar abinci iri biyu ko uku, tsinken tsintsiya da takarda mai ɗan kauri: kayan aikin ke nan duka. A fesa kumfar a baje ta a tire, yaro ya ɗiga kala nan da can, ya ja tsinke a ciki, a kifa takarda a ɗan danna, a ɗaga. Abin da za a fara gani ba ya da fasali, takarda ce dumu-dumu da kumfa. Sai an kankare ta da rula sannan zane ya bayyana, launuka sun murɗe suna bin juna kamar jijiyoyin dutsen marmara. A nan yaro ɗan shekara huɗu yakan buɗe baki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kalar abinci ruwa ce, kumfa kuwa sabulu ne da iska, don haka kalar ba ta nutsewa, tana nan inda tsinke ya bar ta. Takarda ta fi kumfa son ruwa, tana taɓawa sai ta shanye. Shi ya sa takarda mai sheƙi ba ta yi.

Makarantun rainon yara a Ingila da Amurka sun mai da irin wannan zane wasa, amma sana'a ce ta manya mai dogon tarihi. A Japan akwai takardun suminagashi tun ƙarni na 12, inda ake ɗiga tawada a kan ruwa zalla. A Turkiyya kuwa ebru ne, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Can ma'abota addini ne suka rene shi. Hatip Mehmed Efendi, mai huɗuba a masallacin Ayasofiya, wanda ya rasu a 1773, har yau akwai salon da ake kira da laƙabinsa. Zawiyyar Uzbekawa da ke Uskudar a Istanbul ta zama makarantar wannan fanni, kuma a can Necmeddin Okyay, wanda ya shahara da fitar da furanni a kan ruwa, ya koya. Da irin takardun nan ake ƙawata gefen rubutun hannu da bangon littattafai.

Gwanin ebru yakan kaurara ruwansa da wani irin ƙaro da ake kira kitre, ya yayyafa fenti da burushin gashin doki mai mariƙin icen fure. Sirrin yana cikin matsarmamar bijimi da yake ɗigawa a fenti: ita ke sa kowane ɗigo ya baje, ya ture maƙwabcinsa ba tare da sun gauraya ba. Tiren yara ba shi da wannan kariya. Yaro ya ji daɗin juyawa, ya yi ta juyawa, ja da kore su haɗu su koma ruwan ƙasa.

To, a nan nake saɓawa da manyan da ke tsaye a kan yaro suna "ya isa, ya isa!", ko ma su karɓe tsinken don a samu abin liƙawa a bango. A bar shi ya ɓata tire na farko. Takardar da ta fito kalar laka ta fi kowace tsawa koya masa inda ake tsayawa, kuma a zagaye na biyu da kansa zai ɗaga hannu da wuri. Abin da babba zai iya yi shi ne zaɓen launukan da ko sun cakuɗe ba sa muni, shuɗi da rawaya misali. Sai shimfiɗa tsohuwar jarida, da sa wa yaro rigar da aka yafe, don kalar kan kwana a yatsu, a tufa ma ta fi haka.

Hattara biyu. Kumfar aski ba ta ci ba ce kuma tana yaji a ido, saboda haka wanda bai daina kai hannu baki ba a ba shi kirim ɗin kek a madadinta. Akwai kuma hanyar yin zanen da ake ɗiga jan farce a ruwa, amma warinta ya fi ƙarfin ƙananan yara.

'Yan firamare za su iya matsawa kusa da ebru na gaske: a dama sitaci ruwa-ruwa, ya huce, a ɗiga fentin akirilik da aka tsarma a kansa. Kafin nan a shafa wa takardar ruwan alif, wannan da ake tace ruwan sha da shi, a bari ta bushe. Idan ba haka ba, ana ɗauraye sitacin fentin zai bi ruwa.