Haɗa Marigol da Kabewa don Kariya daga Ƙwari a Fadamun Kebbi

1.0 Gabatarwa

Haɗa shuka biyu ko fiye a gona ɗaya ba baƙon abu ba ne ga manomin Hausa, domin tun kaka da kakanni ake shuka wake a tsakanin gero da dawa. Wannan darasi zai duba wani nau'i na wannan dabara, wato shuka furen marigol tare da kabewa, musamman a garaken noman rani da ke gefen Gulbin Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi.

2.0 Mene ne Marigol?

Marigol fure ne mai launin rawaya ko ruwan goro, mai kaifin ƙamshi, wanda a kimiyyance ake kira Tagetes. Asalinsa ƙasar Meziko, kuma a ƙasarmu an fi ganin sa a matsayin ado a harabar makarantu da ofisoshi.

3.0 Yadda Yake Kare Kabewa

Babban amfaninsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Akwai wasu tsutsotsi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ake kira nematod. Sukan shiga saiwar kabewa su sa ta kumbura ta yi ƙulle-ƙulle, sai shuka ta riƙa yanƙwanewa da rana tsaka ko da an yi mata ban ruwa. Sun fi ɓarna a ƙasa mai rairayi, irin ta jigawar da ke bakin fadama. Saiwar marigol tana fitar da wani sinadari mai kashe waɗannan tsutsotsi, ta kuma hana su hayayyafa.

Amfani na biyu shi ne jawo ƙudan zuma. Furen kabewa namiji daban yake da mace, don haka in babu ƙwaron da zai ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan, ba za ta yi 'ya'ya ba. Haka kuma, a shekarar 2019 masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna cewa ƙamshin marigol yana rage farin ƙuda a jikin tumatir.

4.0 Yadda Ake Shukawa

Ga gonar da nematod ya riga ya kama, sai a cika fangali da marigol har kimanin wata biyu, sannan a nome shi a binne a cikin ƙasa, a shuka kabewa. Idan kuwa tare za a shuka su, a jera shi a gefen fangali, saboda kabewa yaɗo take yi, faffaɗan ganyenta yakan rufe shi ya hana shi rana.

Sai dai a lura, marigol ba ya maganin ƙudan da ke huda 'ya'yan kabewa ya zuba ƙwai. Maganin wannan shi ne tsince 'ya'yan da suka ruɓe a binne su da zurfi.

5.0 Kammalawa

Yawan feshin magani yana cin kuɗin manomi, yana kashe zuma, kuma ruwa kan kwashe shi zuwa gulbi, inda Kabawa ke kamun kifi. Saboda haka ya kamata ɗalibi mai koyon aikin malanta ya gwada wannan dabara a lambun makaranta: fangali ɗaya da marigol, ɗaya babu, yara su tuge saiwoyi su kwatanta da idonsu.

Auna Fahimta

1. Bayyana alamu biyu na kamuwar kabewa da nematod.
2. Me ya sa ake jera marigol a gefen fangali?