Sari ta waya: Kafin kuɗi su bar Gwangwan, a san hannun da za su faɗa

Da damina ta kawo jiki, masu shaguna a Gwangwan da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye sai su shiga neman taki da maganin feshi, domin yanki ne na manoma. A da, ɗan sari sammako yake yi zuwa Kano, ya ga kaya da idonsa, ya taya, a sallama, a ɗora a mota. Amma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, tiransifa ta zauna da gindinta har a ƙauyuka. Yanzu dila kan sa hoton buhuna ko atamfofi a Facebook da TikTok, a ƙarasa magana a WhatsApp, a tura kuɗi, a zauna jiran kaya. Matan aure masu sana'a a cikin gida ma ta nan suke saro kayan kicin da na sawa. An huta da wahalar hanya, sai dai ƙofar ta buɗe wa 'yan damfara.

Ciniki da baƙo ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su san kowa a kasuwar Salaga ba, amma akwai maigidan da ke saukar da su, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in an yi lamuni. In aka ci amana, an san ƙofar gidan da za a je. Wannan mai tsayawar shi ne babu a intanet, kuma dole mai saye ya nemo madadinsa da kansa.

A fara da suna. Duk kasuwancin da ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana da lamba: RC ga kamfani, BN ga sunan kasuwanci. A shafin hukumar akwai wurin bincike na kyauta, inda za a rubuta sunan a ga ko yana nan. Hoton satifiket da dila ya turo ba hujja ba ce, don ana iya gyara shi a waya, kuma ɓarawo kan ari sunan kamfanin gaskiya. Shi ya sa ake haɗawa da asusu. Idan ka sa lambar asusu a manhajar banki ko ta OPay ko Moniepoint, sunan mai shi yana fitowa kafin ka danna lambar sirri. Tsaya ka karanta. Kamfani ya ce shi babban dila ne, amma sunan wani mutum dabam ya fito, aka ce ai na yaron shago ne ko asusun kamfani ya sami matsala, to ka mayar da wayarka aljihu.

Sai shago. Wanda ya ce yana kasuwar Singa ko Kantin Kwari ko Dawanau a Kano, a tambaye shi layi da lambar shago, a tura ɗan'uwa ko direban da aka saba da shi ya je ya gani, ya kuma tambayi maƙwabta da shugabannin layin. In tafiya ba ta yiwu ba, a kira shi ta bidiyo, a ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a kan kayan, sannan ya juya kyamara a ga ƙofar shago da mutanen da ke wucewa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda kullum yake cewa sabis babu kyau, amma saƙon "ka tura kafin kaya su ƙare" yana shigowa, ya riga ya ba ka amsa. Yawan mabiya da hotunan alat na wasu kwastomomi kada su ruɗe ka, saye ake yi, ƙirƙira ake yi.

Akwai kuma wanda zai turo kayan, amma jabu. Maganin feshi da kayan abinci na kwali da man shafawa suna ɗauke da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a nemi hotonsu tun kafin ciniki. Taki kuwa dokar kula da ingancinsa ta 2019 ta wajabta wa masu sayar da shi neman izini, ta kuma hana algus da tauye awo. Buhu mai kilo 50 in ya iso, a ɗora shi a sikeli, a duba ɗinkin bakinsa. A kuma tambayi dila biyu ko uku farashi. Wanda ya karya kuɗin buhun yuriya ƙasa da yadda ake sarinsa a ko'ina, daga ina zai ci riba? Araha ba ta ado.

Malaman fiƙihu sun halatta biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, wato cinikin salam, amma da sharaɗin a fayyace nau'i da awo da lokacin kawowa. A rubuta waɗannan a saƙo, a ƙara da wanda zai biya kuɗin mota da wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace a hanya. A fara da ɗan kaɗan: katon biyu, ba uwar kuɗi gaba ɗaya ba. In dila ya yarda, a ba da kafin alƙalami, cikon sai direba ya ga kaya. Masu oda daga Sin ta Alibaba su biya ta cikin tsarin kariyar shafin, Trade Assurance, domin wanda ya biya ta bayan fage ya fita daga kariyar.

In tsautsayi ya faɗa, kada kunya ta sa a yi shiru. A sanar da banki nan take, tun kafin a kwashe kuɗin, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano, a adana rasit da saƙonni da lambar waya. Idan rigimar ta kaya marasa inganci ce, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

'Yan kasuwar Gwangwan su haɗa kai, su riƙa sanar da juna dilan da aka gwada aka ga gaskiyarsa da wanda ya ci amana. Jari da gumi aka tara shi, kada a miƙa shi ga wanda ba a san ƙofar shagonsa ba.