Ƙafar Mota Mai Kwanciya Ƙasa: Wacce Ta Dace da Titunan Greensboro?

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa birnin Greensboro da ke jihar North Carolina a Amurka, inda 'yan uwanmu 'yan Nijar da 'yan Najeriya da dama suka yi kaka-gida. Wasu karatu ya kai su jami'o'in A&T da UNCG, wasu aikin masana'anta da tuƙi, wasu kuwa sayen motoci da sayarwa ce sana'arsu. Batunmu tambaya ce da dila kan jefa wa mai sayen sabuwar mota bayan an gama maganar launi da kujeru: wace ƙafa kake so a sa mata? Ta yau da kullum, ko mai kwanciya ƙasa irin ta motocin gudu, ko wadda kwamfuta ke sarrafawa? Da yawa a tsaye suke amsawa, alhali kuwa shekaru za su yi suna zaune a kan wannan amsa.

Ba abin mamaki ba ne ido ya karkata ga mai kwanciyar. Yankin nan gidan tseren mota ne. A Level Cross, kudu da birnin kaɗan, aka haifi Richard Petty, wanda ya ci tsere 200 a gasar NASCAR, ya ɗauki kambunta sau 7. Ga filin Bowman Gray a Winston-Salem, ga na Martinsville da zarar an tsallaka Virginia. Yaron da ya tashi a nan ya saba ganin mota tana shafar kwalta, kuma gaskiya tana da kyan gani.

To, me ake canzawa a cikinta? Kamfani kan gajarta sifirin, ya ƙara masa tauri, ya sa shokazoba mai ƙarfi, sau da yawa har da ƙarfen da ke hana mota karkata a kwana. A BMW samfurin 3 Series, ƙafar M Sport tana sauke motar da milimita 10. Golf GTI ta Volkswagen ta fi Golf ta yau da kullum kwanciya da milimita 15. Porsche kuwa a samfurin 718 matakai biyu ta bayar, na milimita 10 da na 20. Amfanin a fili yake. Nauyin mota ya matso ƙasa, ba ta rangaji a kwana, ba ta dungurawa in an taka burki da ƙarfi, sitiyari na amsawa nan take.

Amma ku lura da wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Milimita 10 bai wuce faɗin farcen ɗan yatsa ba, kuma ba shi ne zai dami bayanka ba. Taurin ne. Tunda an rage wa taya filin da za ta yi sama da ƙasa, dole a ƙarfafa sifirin don kada ƙafar ta riƙa bugun ƙarshe. Duk girgizar da sifirin ya ƙi sha, kujera ce za ta sha, daga kujera kuma sai ƙugun wanda ke zaune.

Sannan ga taya, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci a wannan ciniki, kuma ita aka fi mantawa da ita. Yawanci ƙafar gudu ba ita kaɗai ake sayarwa ba, a ƙunshe take zuwa da manyan rim da siraran tayoyi. Mu yi lissafi tare. Taya mai lamba 225/45 a rim mai inci 18, tsayin robar gefenta kusan milimita 101 ne. In aka koma 225/40 a rim mai inci 19, ya dawo 90. An rasa milimita 11 na roba da iska, wato fiye da milimita 10 ɗin da aka rage a tsayin BMW ɗin kanta. Wannan robar ce ke fara karɓar dukan rami. In ta yi ƙaranci, gefen taya ya kumbura, rim ya lanƙwashe ko ya tsage. In kuma tayar irin wadda ake ci gaba da tafiya da ita ce ko ta yi faci, gefenta ya ƙara tauri a kan tauri. Akwai ma tayoyin da don lokacin zafi kawai aka yi su, waɗanda robarsu ke sandarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius, kuma a Greensboro ruwa kan daskare da dare a watan Janairu.

Yanzu mu dubi titin. Wanda zirga-zirgarsa a kan I-40 ko I-85 take, ko hanyar zoben birni da aka kammala a farkon 2023, zai ji daɗin mota mai tauri, don kwalta shimfiɗaɗɗiya ce. Sai dai iyakar gudu a manyan hanyoyin jihar ba ta wuce mil 70 a awa ba, a cikin gari kuma mil 35 ne in ba a rubuta wani abu dabam ba. Da irin wannan gudu, ƙafar yau da kullum ta sabuwar mota ta isa har ta yi saura. Abin da direba zai riƙa karo da shi kullum shi ne ramukan da sanyi ke buɗewa bayan hunturu, da layin dogo da ya ratsa gari, da tudun rage gudu a harabar gidajen haya, da gangaren shiga gida ko wurin ajiye motoci a masallaci, inda bamba ke gogar siminti. Ranar Juma'a ko ranar suna kuma, ka ɗauki mutum huɗu da tukwanen abinci a but, motar ta ƙara zama.

Zaɓi na uku, mai kwamfuta, shi ne ya fi kusa da raba gardama. A cikin shokazobar akwai bawul da lantarki ke buɗewa yana rufewa, ya saki mai ko ya matse shi, sai motar ta yi laushi ko tauri gwargwadon maɓallin da ka danna da abin da titi ya kawo. Kamfanin Cadillac ma tun 2002 ya fito da wani nau'i mai aiki da maganaɗisu. Sai dai a kula, maɓallin laushi ba ya ɗaga mota. Sifirin yana nan yadda yake, kuma a wasu samfuran ita ma mai kwamfutar a kwance take zuwa. Mai ɗagawa da saukewa ita ce ƙafar iska, wannan kuwa wani kuɗin ne dabam. Ranar da garanti ya ƙare shokazobar lantarki ta fara yoyo, farashinta ya ninka na gama-gari.

Akwai wata tambayar da Ba'amurke ba ya yi, amma mu dole mu yi ta: ina motar za ta ƙare? Motocinmu da yawa bayan 'yan shekaru jirgin ruwa suke shiga, su sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, su nufi Maraɗi ko Kano ko Katsina. Ku tuna abin da ya sa Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta shiga ran mutanenmu: tsayi daga ƙasa da ƙafa mai laushi mai shanye gargada. Motar da ka biya ƙarin kuɗi aka kwantar da ita a Amurka, in ta isa gida da damina, ƙaninka zai sake biyan bakanike ya ɗaga ta, bayan salansa da kwanon baƙin mai sun sha duka. Neman shokazobar lantarki a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa ba kamar neman ta gama-gari ba ne.

Ban ce kowa ya guje ta ba. Wanda da gaske yake kai motarsa filin VIR da ke kusa da Danville, ya biya kuɗi ya yi gudu inda doka ta yarda, ƙafar gudu haƙƙinsa ce, kuma gara ta kamfani da a saya a yanke daga baya, domin sifirin da aka sauya a waje kan gajiyar da shokazoba, ya jawo gardama a kan garanti.

Ga sauran jama'a, shawarata ita ce, in aljihu zai ɗauka kuma a nan motar za ta zauna, a ɗauki mai kwamfuta da ƙaramin rim. In gida za ta koma, ko iyali ne za su fi shiga, a bar ta a tsayinta. Kafin ka sa hannu, ɗan'uwa, karanta takardar da ke liƙe a gilashin motar, wadda dokar Amurka ta wajabta tun 1958, ka ga ainihin ƙafa da tayar da ke jikinta. Sannan ka nemi a ba ka wadda za ka saya ɗin ka gwada, uwargida da yara a baya, ka bi titin unguwarku da ka san ramukansa, ka tsallaka layin dogo, ka shiga ƙofar gidanka da ita. In dila bai yarda ba, ka nemi wani dilan.

Mu kwana nan. A yi tuƙi lafiya.