Kamun ƙafar masu makamashin tsirrai: me zai kai wa murhun Gafasa?

Idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, magidanta a Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Gaya, da kaskon garwashi suke ɗumama ɗaki, da itace da karan dawa kuma ake girki. Wannan murhu shi ne yanzu 'yan kasuwar makamashi ke zawarci a ofisoshin Abuja.

Dalili shi ne alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060. A Maris ɗin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta, wadda ke son kowane gida ya rabu da murhu mai hayaƙi nan da 2030. Duk makamashin da gwamnati ta lasafta a matsayin mai tsafta, shi zai samu rangwamen haraji da tallafin ƙasashen waje. Saboda haka dillalan iskar gas ke kamun ƙafa, masu makamashin tsirrai ma suna yin nasu: masu tace itanol daga rogo da rake, da masu matse ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa su zama curin gawayi.

A Turai an riga an yi irin wannan kokawa. Dokar ɗumama gidaje ta Jamus ta 2023 ta bukaci sabbin na'urori su yi aiki da kashi 65 cikin ɗari na makamashi mai sabuntuwa, kuma bayan matsin lambar masu dazuzzuka aka bar wa itace gurbinsa a ciki.

Hujjar masu tsirrai tana da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi ajalin mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma tukunyar gas ta fi ƙarfin aljihun manomin Ajingi, balle tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Ɓuntun da ake jibgewa a bayan injinan casar shinkafa a Kano kuwa, babu mai asara idan an mayar da shi wuta.

Amma ba duk abin da masu takarda ke kira sharar gona ba ne shara. A ƙasar Gaya karan dawa da na gero abincin shanu ne da rani, da shi ake danga da rufin rumbu, wanda ya rube kuma ya koma taki. Harawar gyaɗa da ta wake har sayarwa ake yi a kasuwa. Ranar da masana'anta ta fara saye da tirela, makiyayi da matar da ke tsintar kara su ne za su fara jin tsadar. Haka rogon da aka tace ya zama itanol, garin kwaki ne ya ragu a kwanon wani.

Akwai kuma tarihin da ke sa a yi taka-tsantsan. Manufar makamashin tsirrai ta 2007 ta tsara a gauraya kashi 10 na itanol a fetur, har yau abin bai tabbata a gidajen mai ba. A 2014 gwamnatin Jonathan ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murahu 750,000, shirin ya ƙare cikin taƙaddama da ɗan kwangila.

Wani abu da manufar girki ba ta warware ba shi ne sanyi kansa. Murhun itanol yana dafa tuwo, amma ba ya ɗumama ɗaki har asuba. Curin gawayi yana yi, sai dai shi ma, kamar gawayin itace, yana fitar da iskar guba marar wari, wadda ke kashe mai barci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga.