Zangon Hunturu a Tsakiyar Damina

Yau jami'a shirin namu zai leƙa, mu ji irin sunayen da ɗalibai ke kiran gaɓoɓin shekarar karatunsu.

A Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, abin ba wuya: samista biyu ne, ta farko da ta biyu, su suka haɗa shekara. Asalin kalmar samista daga Latin ne, tana nufin wata shida, ko da yake duk wanda ya yi jami'a ya san da wuya laccar ta wuce wata huɗu. Mu kuma a gidan rediyo da jaridu zango muke cewa, zangon karatu. Zangon nan na fatake, inda ayari kan sauke kaya a huta a kan hanyar Gwanja. To, ku riƙe wannan, mu tsallaka Ingila, don can abin da ya ja hankalina yake.

A jami'ar Oxford shekara zango uku ce, kowanne mako takwas kacal. Mako takwas, masu sauraro. Kuma ba a ce musu na ɗaya, na biyu, na uku. Na farko, mai farawa a Oktoba, sunansa Mikilmas, daga bikin da Kiristoci ke yi ranar 29 ga Satumba don girmama Mala'ika Mika'ilu. Na biyu Hilari, sunan wani babban limamin coci na garin Poitiers a Faransa, wanda ake tunawa da shi a tsakiyar Janairu. Na uku Tiriniti, shi ma daga wata Lahadin coci. Wato kalandar ibada ce ta raba musu shekara tun zamanin da malaman coci ke riƙe da jami'ar, har yau ba a sake ba. Manyan kotunan Ingila ma da waɗannan sunaye suke lissafin zamansu.

Ɗalibin Oxford ba ya faɗa maka kwanan wata. Sai ya ce ku haɗu Talatar mako na uku. Har makon da ya gabaci buɗe zango suna da sunansa: makon sifili. Mako na biyar kuwa ya yi ƙaurin suna, don a nan gajiya da kewar gida ke kama mutum, aiki ya taru, hutu bai hango ba.

Amma Cambridge ta fi ba ni dariya. Su makon laccarsu ranar Alhamis yake farawa, ya ƙare Laraba. Almajiran tsangaya za su ce an juya musu mako, don su Alhamis hutu suke. Sannan suna da wani mako na shagali bayan jarrabawa, da tseren kwale-kwale a kogin Cam da raye-raye har asuba. Sunansa Makon Mayu. Yaushe ake yin Makon Mayu? A watan Yuni. E, a Yuni. Da can a Mayu ake yi, kafin jarrabawa, aka matsar da shi gaba, sunan ya ƙi tashi. Ba wanda ya damu ya gyara.

Kada mu yi musu dariya da yawa, don namu na nan tafe.

Wasu jami'o'in Najeriya, irin su Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da jami'ar Ilori, sun yi wani abu da ni dai ya burge ni. Suka dubi sararin samaniyarmu, suka sa wa samista ta farko Hamatan, wato hunturu, ta biyu kuma suka kira ta ta damina. Ka shiga makaranta da sanyi da hazo, leɓe na tsagewa, ka rubuta jarrabawar ƙarshe ruwa na dukan kwano. Suna ne da ya dace da ƙasar, manomi ma zai gane shi. Covenant da ke Ota ita kuma Alfa da Omega ta zaɓa, harafin farko da na ƙarshe a Girkanci.

To, sai yajin aiki ya shigo. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi kusan wata tara ba aiki, ga korona a kai. A 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wasu jami'o'in suka soke shekara guda ɗungurum don su kamo lissafi. Kalanda ta goce daga yanayi. Sai ka ga ɗalibi da lema a hannu, ƙafa duk taɓo, an ce yana zangon hunturu. Takarda ta ce 2021 da 2022, kalandar bango ta ce 2023. Bambancinmu da Cambridge, su shagali ya matsar da nasu, mu rigimar albashi da kuɗin gudanar da jami'o'i.

Shi ya sa idan ka tambayi ɗalibinmu yaushe zai gama, ba ya ba ka shekara. Sai ya ce yana aji uku, ko lebul ɗari uku, saura samista uku in ba a tafi yaji ba. In ya faɗi wani kwas, kari-oba ke nan, zai jira shekara ta zagayo ya sake zama da ƙannensa. In abokansa suka fita suka bar shi, sifil-oba. Waɗannan biyun ba a faɗarsu da ƙarfi a gaban iyaye.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, ga Nijar ban taɓo ba. A taƙaice: jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinta na Maraɗi da Damagaram suna bin tsarin Faransa, digirin farko samista shida, da lamba ake kiransu, ɗaya zuwa shida. Shekarar da rikici ya cinye kuwa, aka soke ta, farar shekara suke ce mata.