Kifin Teku da Lafiyar 'Ya'yanka

Ya kai maigida, ko ka lura da yadda bandar amane ta yi tsada a kasuwa? Wannan kifi daga bakin tekun Gana yake fitowa, wajen Elmina da Tema da Corko ta Ankara. Maza su kamo a kwalekwale, mata su yi banda, fatake su kai Kumasi da Teciman har Tamale. Shi ne naman talaka, ko a zango ko a ƙauye.

To, yanzu kifin nan ya ragu ƙwarai. A 1996 amanen da aka kama ya fi tan 130,000, amma a 2016 bai kai tan 30,000 ba. Dalili kuwa, jirage sun yi wa teku yawa. Manyan jirage na ja da taru suna kwashe kifin da na kwalekwale ne. Waɗansu masunta kuma suna kunna fitila da dare kifi ya taru, su kama da taru mai ƙananan idanu, har da 'ya'yan da ba su isa yin ƙwai ba. Akwai ma masu sa nakiya da guba, ko da yake dokar su ta 2002 ta hana. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?

Kada ka ce wannan wahalar masunta ce kaɗai. Yaro yana bukatar abinci mai gina jiki, kamar kifi da wake da gyaɗa da ƙwai. In aka yaye shi aka bar shi da koko zalla, sai tamowa ta kama shi. Ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa. A Ankara ne wata likita, Sisili Wiliyams, ta binciki ciwon nan, a 1935 ta sanar da duniya sunansa na harshen Ga, watau kwashiyoko.

Tun kakanni masunta da yawa ba su shiga teku ran Talata. A 2019 gwamnati ta rufe su na kwalekwale wata guda, daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, don kifi ya hayayyafa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da gidanka zai yi:

1. Kada ku sayi 'ya'yan amane da ba su girma ba, komai araharsu. In babu mai saye, mai kamawa zai daina.

2. Ku guji ɗanyen kifi mai laushi ko mai warin magani. Guba ba ta da rabo a tukunya.

3. Ku biya mai banda kuɗinta a kan lokaci. Ita ma tana da 'ya'yan ciyarwa, kuma sau da yawa ita ke ba masunci jarin fita.

4. Ke uwargida, in kifi ya yi kaɗan, ki daka shi ya zama gari, ki zuba cokali guda a kunun yaron da ya wuce wata shida. Ran da babu, ki sa wake ko gyaɗa. Ki ci gaba da ba shi nono har shekara biyu.

In kun ga ƙafar yaro ta fara kumburi, ku kawo shi ɗakin shan magani a ranar, kada ku jira gobe. Rigakafi ya fi magani.