Yadda Ake Gane Ajin Kalma a Nahawun Turanci

Duk almajirin da ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya karanta Ajurumiyya, littafin Ibn Ajurrum mutumin birnin Fas wanda ya rasu a 1323 Miladiyya, ya san cewa malaman nahawu sun kasa zance kashi uku, ismi da fi'ili da harafi, kuma sun ba ismi alamominsa, kamar tanwini da alif da lam, waɗanda da ganinsu ka san abin da ke gabanka. To, idan irin wannan ɗalibi ya juya ga Turanci, sai ya tarar da kashi takwas, rabon da asalinsa daga Girkawa ya biyo ta hannun Rumawa, wato suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi, kalmar motsin rai, da 'yan kalmomi irin su in da on da at masu nuna wuri ko lokaci. Yawan nan bai kai rashin alama ɗaure masa kai ba.

Dalili kuwa shi ne, tsohon Turanci yana da i'irabi a ƙarshen kalmomi, amma galibinsa ya zube a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normawa suka ci Ingila da yaƙi, har ya zamana mazaunin kalma cikin jumla shi ke yanke mata hukunci.

Dubi kalmar fast. Idan aka ce we will fast, ma'ana za mu yi azumi, aikatau ce, domin will ba ta jawo kowa bayanta sai fi'ili. A break the fast, wato buɗa baki, ta koma suna, saboda the ta shige gabanta ta tsaya a kanta kamar yadda alif da lam ke yi. A a fast horse ta zauna tsakanin a da doki tana siffanta shi da sauri, ta zama sifa. A he runs fast kuwa gudun take bayyanawa, ba mai gudun ba, don haka bayanau ce. Haruffa huɗu ne, ba a ƙara ko ɗigo ba, hukunci ya canza sau huɗu.

Wannan ne ya sa nake jin takaici ƙwarai idan na iske yara suna rera ta'arifi da hadda, alhali ba a taɓa miƙa musu jumla a ce su yi mata filla-filla ba, kamar yadda malamin zaure ke tsare ɗalibi sai ya faɗi fa'ili da maf'uli da hujjarsa. Har ƙa'idar nan da ake ba su, wai kowace kalma mai ƙarewa da -ly bayanau ce, tana kai su ta baro, domin quickly bayanau ce, gaskiya, amma friendly da lovely sifofi ne, kuma ba za su gane haka ba sai sun ga friendly zaune gaban man tana siffanta mutumin da sakin fuska.